A Hanyar Basirka Ana Biya, Amma Babu Rasit

Wanda zai je Basirka daga Kano, ta Wudil zai fita. Har ya haye gadar Wudil yana kan tagwayen titin Kano zuwa Maiduguri, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006. Gaba kaɗan sai ya rabu da shi, ya kama tsohuwar hanya mai falle ɗaya wadda ke wucewa ta Kwanar Huguma ta sauka Birnin Kudu. Daga nan ƙasa ke sauya kama. Shimfiɗaɗɗen fili ya ƙare, duwatsu sun fara ɗagowa ta bayan gidaje, cikinsu har da Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu ɗauke da zanen shanu na mutanen da suka zauna a wurin tun zamanin da. Daga Birnin Kudu sai Gwaram, daga Gwaram sai Basirka, dab da iyakar Jigawa da Bauchi. Wanda bai tsaya ba, Darazo ce a gabansa, sai Dukku, sai Gombe, mai dogon zango kuma har Yola.

Ana tsakiyar kaka na iso. An ɗaure gero, riɗi na jingine a gonaki yana shan rana, mata da yara na tsinkar gyaɗa a ƙarƙashin itatuwa. Basirka garin bakin hanya ne, kuma duk abin da ke motsi a cikinsa titin ne ke motsa shi. Mai shayi, mai tsire, mai man bumburutu da galolinsa, 'yan mata masu fura da nono, yaran da ke bin tagar mota da dafaffiyar gyaɗa, duk fuskarsu na kallon kwalta. Motocin da ke wucewa kuwa ba na garin ba ne galibi: Sharon da Homa cike da fasinjan Gombe da Adamawa, Kanta ɗauke da buhunan hatsi har sun haura kan direba, tirelolin siminti da na taki, da na shanu masu fitowa daga gabas.

Na daɗe zaune a rumfar wani dattijo mai faci, saboda daga nan ake ganin hanyar sosai. Kayan aikinsa injin iska ne da ke tari kafin ya tashi, da rabin duro cike da ruwan da ya koma baƙi, da ƙarafan ɓare taya guda biyu. An kawo masa tayar wata Sharon. Ya hura ta, ya nutsa ta cikin ruwan yana juyawa a hankali, har kumfa ta fara fitowa a gefe ɗaya siririya. Ya sa filaya ya zaro ƙusa mai tsawon ɗan yatsa, sabuwa ful, ko tsatsa ba ta yi ba. Ya ɗaga ta ya nuna wa direban, ya ce, "Malam, wannan ba ta faɗo daga amalanke ba. Ta katako ce." Direban ya gyaɗa kai kawai. Ya san katakon da ake nufi: dogon falanki da aka jera wa ƙusoshi aka ɗaura masa igiya, wanda masu tare hanya ke janyowa gaban mota idan direba ya yi kamar zai wuce bai miƙa ba.

Wannan katakon shi ne tolget ɗin da direban arewa ya fi sani yau. Tsakanin babban birni da gari irin Basirka, mai motar haya ko ta kaya yakan tsaya sau da dama. Wani wurin igiya ce aka ɗaura a jikin duro, wani wurin sanda, wani wurin hannu kawai aka ɗaga. Wasu na ba da ɗan guntun takarda mai tambarin da ba ya karantuwa, da yawa ba sa ba da komai. Akwai kuma yaran da ke ɗebo jar ƙasa a kwano su cike rami a inda damina ta ci kwalta, su tsaya da shebur suna ɗaga hannu. Su ne kaɗai a cikin masu karɓa za ka ga aikin da suka yi wa hanyar da idonka, ko da ruwan farko zai wanke shi. Duk wannan kuɗin direba ba ya biyan sa daga aljihunsa. Yana hawa kan kuɗin motar fasinja, yana hawa kan buhun riɗin manomi, wanda ɗan kasuwa zai rage masa tun a bakin gona.

Saboda haka da hira ta juya a teburin mai shayi zuwa maganar dawo da tolget a titunan gwamnatin tarayya, ban ji ana cewa ba za a biya ba. Abin da ake tambaya shi ne: idan an biya wancan, za a ɗauke waɗannan? Kuma ina kuɗin zai shiga?

Tambayar tana da tushe. Waɗanda suka manyanta sun tuna zamanin da ake biyan kuɗi a manyan titunan ƙasar nan, ma'aikaci na zaune a ɗan ɗaki yana yage tikiti. A ƙarshen 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa aka rushe su baki ɗaya, bisa dalilin cewa abin da ke isa baitulmali kaɗan ne, saura na zurarewa a hannun masu karɓa. Aka ce za a maye gurbinsu da harajin naira ɗaya da sule biyar a kan kowace litar mai. Ƙungiyar ƙwadago ta yi tsaye, magana ta kai kotu, harajin bai zauna ba. Aka wayi gari babu tolget, babu harajin, sai sunan da ya rage a tashoshin mota na Legas da Ibadan da Sango-Ota, inda har gobe kwandasta ke kiran "tolget" a wurin da babu ko tubalinsa.

A watan Agustan 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabon tsari, lokacin Babatunde Fashola na ministan ayyuka. Tsarin ya ce tagwayen tituna kaɗai za a sa wa kuɗi, wato kusan kilomita 5,000 daga cikin kimanin 35,000 na titunan tarayya, kuma an ɗauke wa keke da babur da Keke Napep. A jerin titunan farko da aka ware domin a damƙa wa 'yan kasuwa su kula da su su karɓi kuɗi, akwai Kano zuwa Shuwarin, wato titin nan da mai zuwa Basirka ke fara hawa. Wanda aka fara gani a aikace shi ne na Abuja zuwa Makurdi ta Keffi da Akwanga da Lafiya, mai tsawon kimanin kilomita 227, wanda kamfanin China Harbour ya gina da bashin bankin China Exim na dala miliyan 460 da ɗoriya. An fara karɓar kuɗi a kansa a watan Fabrairun 2025, a ƙofofi huɗu: ƙaramar mota naira 500, jif 800, ƙaramar bas 1,000, manyan motoci masu ƙafafu da yawa 1,600. Kuma an ce ba da tsabar kuɗi ba.

Wannan "ba da tsabar kuɗi ba" ita ce zuciyar maganar, don haka ya kamata a san yadda abin ke aiki. Mafi sauƙinsa wata 'yar sitika ce da ake mannawa a gilashin gaba daga ciki. Idan ka ɗaga ta a rana za ka ga wani siririn zanen ƙarfe a jikinta, da ɗan ɗigo a tsakiya. Zanen eriya ce, ɗigon kuma shi ke riƙe da lambar da ta bambanta motarka da ta kowa. Ba ta da batir. A saman ƙofa akwai na'urar da ke watso siginar rediyo, ita ce ke farkar da sitikar, sitikar ta amsa da lambarta, kwamfuta ta nemo asusun da ke ɗaure da lambar, ta cire kuɗi, sanda ta ɗaga. Kafin ka sauya giya an gama. Kusan kamar katin waya ne: ka loda, ana cira, saƙo na shigo maka da abin da ya rage. Wannan fasaha ita ake kira RFID. A Turai sun fi amfani da ɗan akwati mai batir da ake liƙawa a bayan madubi, wanda ke magana da na'urar sama ko da mota na gudu sosai.

Sitika kaɗai ba ta isa ba, don mutum zai iya cire ta ƙaramar mota ya manna wa tirela. Saboda haka ake binne waya a cikin kwalta da ke jin ƙarfen mota, a sa na'urorin haske da ke auna tsayinta da tsawonta su ƙirga ƙafafunta, sannan kyamara ta ɗauki lambar mota ta karanta ta da kanta, dare ko rana. A wasu ƙasashen ma an cire sandar gaba ɗaya. Wani ƙarfe ne kawai ya gitta saman titi ɗauke da kyamarori, kowa na wucewa da gudunsa, wanda ba shi da asusu a aika masa takardar biya gida. Jamus ta wuce nan tun 2005 game da manyan motocin kaya: na'urar da ke cikin motar tana amfani da tauraron ɗan'adam ta lissafa kilomitan da aka ci, a biya gwargwadonsu.

Masu ƙera waɗannan kaya ba su da yawa, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke nan kusa. A ƙasar Nowe aka fara, a garin Ålesund a 1987, kuma kamfanin Q-Free na birnin Trondheim ya girma ne daga wannan harka. Kapsch TrafficCom na ƙasar Ostiriya ya kafa irin wannan tsari a ƙasashe da dama. A Amurka akwai TransCore, wanda ya gaji fasahar da aka fara sa wa titin Dallas a 1989, da tsarin E-ZPass da ya fara a jihar New York a 1993 ya bazu zuwa jihohi da yawa. Mitsubishi Heavy Industries na Japan na cikin waɗanda suka haɗa wa Singafo nata a 1998. Abin lura a nan, wanda ya sayi irin wannan tsari bai gama biya ranar da aka kafa masa ba. Akwai lasisin manhaja, akwai kayan gyara, akwai ƙwararrun da za a riƙa kira, kuma duk da dala ko yuro ake lissafinsu, alhali direba da naira yake biya. Ƙasar da darajar kuɗinta ke hawa da sauka dole ta karanta wannan shafin na kwangila sau biyu kafin ta sa hannu. Na fi son in ga an wajabta wa duk kamfanin da ya ci irin wannan aiki ya horar da matasanmu na kwalejojin fasaha, irin ta Kazaure da ta Dutse, yadda idan kyamara ta mutu ba sai an jira wani ya sauka daga jirgi ba.

Ni ina goyon bayan na'urar, kuma dalilina ɗaya ne: tana barin sawu. Kowace mota da ta wuce an rubuta ta, da lokacinta, da abin da ta biya. Ba ta san ɗan gidan wane ba, ba ta jin "ranka ya daɗe, a yi haƙuri", ba ta da aljihu. Cutar da ta kashe tolget na da, ita ce aka ƙera wannan na'ura domin ta magance.

Sai dai akwai abin da babu kamfanin da ke sayar da shi. Afirka ta Kudu ta kafa wa titunan Gauteng, tsakanin Johannesburg da Pretoria, tsarin da ba shi da sanda, wanda wani kamfani da Kapsch ke da rinjaye a cikinsa ya gudanar. An kunna shi a watan Disamban 2013. Na'urorin sun yi aikinsu, suna karanta lamba, suna fitar da lissafi. Jama'a ne suka ƙi biya, saboda suna ganin ba a shawarce su ba, kuma titunan da suka saba bi kyauta ne aka ɗora wa kuɗi. Aka yi ta jan igiya fiye da shekara goma, har a watan Afrilun 2024 aka kashe na'urorin, bashin ya koma wuyan gwamnati. A gida ma mun ga na Lekki a Legas, wanda ya fara karɓar kuɗi a 2011 cikin zanga-zanga, ya kuma tsaya a watan Oktoban 2020. Indiya kuwa ta ci nasara da tata sitikar mai suna FASTag, wadda ta wajabta a 2021, har aka sa wanda ba shi da ita ya biya ninki biyu. Amma ta yi hakan ne bayan ta sauƙaƙa wa talaka buɗe asusu da biyan kuɗi ta waya, ta kuma sa sitika ɗaya ta yi aiki a duk ƙofofin titunan tarayya.

A Basirka mutum zai ga iyakar wannan tsari da idonsa. Mai POS na nan a rumfarsa, kuma ana cinikin hatsi da taransifa, abin da shekara goma baya ba a yi tsammani ba. Amma na ga yadda ya ɗaga na'urarsa sama yana juyawa yana neman sabis, mai jiran kuɗi na tsaye. Idan haka ta faru a ƙofar titi, layin tireloli ne zai taru. Lambobin motoci da yawa sun kankare, wasu laka ta rufe su, wasu an ɗaure su da waya sun karkace, wasu motocin kuma sun sauya hannu sau uku takardunsu na ɗauke da sunan mai su na farko. Tsarin aika wa mutum takardar biya gida ba zai yi aiki a inda adireshi shi ne "bayan masallacin Juma'a" ba. Wanda zai yi aiki a nan shi ne mai sanda, mai hasken rana da batir, wanda zai iya riƙe lissafi a cikinsa har sabis ya dawo, kuma direba ya iya loda kuɗi a wurin kowane mai POS ba sai ya je banki a Dutse ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, bisa tsarin 2021, hanyar Basirka ba ta cikin waɗanda za a sa wa tolget, tunda falle ɗaya ce. Da farko wannan kamar sauƙi ne. Amma titin da ba ya kawo kuɗi babu ɗan kasuwar da zai nemi a ba shi ya kula da shi, sai dai ya jira abin da kasafin kuɗi ya rage masa. Kuma duk inda aka sa wa babban titi kuɗi, wasu manyan motoci na kauce masa su bi ƙananan hanyoyin da ke kusa, waɗanda ba a gina su don irin wannan nauyin ba. Injiniyoyi sun auna wannan tun gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960: idan nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau goma sha shida. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Kamfanonin da ke sayar da kayan tolget suna kuma sayar da sikelin da ake binnewa a cikin titi, mai auna mota tana tafiya. Da za a tambaye ni wace na'ura hanyar Gwaram zuwa Basirka ta fi buƙata, wannan sikelin zan ce.

Mutanen wannan yanki sun san farashin hanyar da ba a duba ta a kan lokaci. A cikin watan nan na Agustan 2021 da aka amince da tsarin tolget a Abuja, ambaliya ta karya gada a Radabi, a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Wata bas da ta taso daga Kano za ta Adamawa ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Da na ambaci abin a rumfar mai faci, sai hira ta tsaya na ɗan lokaci. Dattijon ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya sallama. Amma kwalbati kafin ya faɗi yakan nuna alama, in akwai mai dubawa." Mai dubawar nan albashi yake so, da mota, da mai, da ikon rufe hanya cikin dare ya kafa alama. Ba kuɗi ne mai yawa ba idan aka kwatanta da gina tagwayen titi, amma kuɗi ne da dole ya riƙa zuwa kowane wata, kuma irin sa ne kasafin kuɗinmu ya fi mantawa da shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe suna biyan kuɗin hanya. Duk wanda ya bi titin Maraɗi zuwa Yamai ya san wurin da ake tsayawa a yanki tikiti, kuma an tsara kuɗin ya shiga asusun gyaran hanyoyi na ƙasa. Ko da tsarin nasu na da nasa raunin, tunanin daidai ne: a ware wani kaso na abin da babban titi ya tara domin ƙananan hanyoyin da ke ciyar da shi. Buhun riɗin da zai biya kuɗi a ƙofar Kano zuwa Shuwarin daga gonar Basirka ya taso, ya bi ta Gwaram da Birnin Kudu kafin ya hau tagwayen titi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda kwamfuta za ta san abin da aka tara kowace rana har zuwa kwabo, babu dalilin da zai hana a buga shi a fili duk wata, a faɗi nawa ya tafi biyan bashi, nawa kamfani ya ɗauka, nawa aka zuba a kwalta da kwalbati. 'Yan majalisar da ke wakiltar Birnin Kudu da Gwaram a Abuja da Dutse suna da hurumin neman a rubuta wannan a cikin yarjejeniya tun kafin a kafa sandar farko, tare da sharaɗin cewa ranar da aka kunna na'ura, ranar za a kwashe igiyoyi da katakan ƙusa daga kan hanyar.